AKIHABARA: UNGUWAR DA GANI YA KORI JI

Tasha biyu ce tak tsakanin babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Tokyo da unguwar Akihabara, in an nufi arewa. Baƙon da ya sauka nan, ya fita ta ƙofar da ake kira Ƙofar Garin Lantarki, zai tsinci kansa cikin wata irin kasuwa wadda ba a shimfiɗe take ba, a tsaye take. Benaye ne dogaye sirara, kafaɗa da kafaɗa, kowane hawa da nasa kanti, an lulluɓe bangayensu da allunan talla tun daga ƙasa har ƙololuwa. Ta bisa kan jama'a kuwa ga gadar ƙarfe ta ratsa babban titin da ake kira Chuo-dori, jirgi mai ratsin rawaya yana bi ta kanta bini-bini. Ran Lahadi da rana akan hana motoci bin wannan titi, mutane su bazu a tsakiyarsa sai ka ce ranar hawan salla.

Yawancin baƙi suna zuwa ne don kayan wasan kwamfuta da littattafan zane-zane, waɗanda suka mamaye unguwar tun farkon wannan ƙarni. Amma akwai wani ciniki da ake yi a nan ba da hayaniya ba, wanda kuma ya fi sauran ban mamaki. Cinikin waya ne, watau 'yar igiyar nan da ke haɗa abin jin sauti na kunne da na'urar kiɗa. Tsawonta yawanci mita 1.2 ne, ana iya dunƙule ta a tafin hannu. Duk da haka akwai wadda kuɗinta bai wuce na abincin rana ba, akwai kuma wadda sai mutum ya ajiye abin da ya kai dalar Amurka 5,000 kafin a miƙo masa ita. Tambayar da ke bakin kowane baƙo ita ce, shin kunne yana jin bambancin da aljihu ya ji?

DAGA TOKA ZUWA REDIYO

Sunan unguwar daga gobara ya samo asali. A shekarar 1869 wuta ta cinye wannan yanki, hukuma ta bar wurin fili don kada wata gobarar ta sami abin kamawa, sa'an nan aka gina ɗan wurin bauta na neman tsari daga wuta. Mutanen gari suka ɗauka na Akiba ne, abin bautar da Japanawa ke dangantawa da kashe gobara, suka riƙa kiran wurin filin Akiba, watau Akihabara. A 1890 aka buɗe tashar jirgin kaya, a 1925 kuma ta soma ɗaukar fasinja.

Bayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, birnin Tokyo ya zama kufai, jama'a kuwa suna ƙishin labari. Sai 'yan tireda suka baza kayan rediyo a bakin titunan Kanda, maƙwabciyar Akihabara, ɗaliban makarantar koyon aikin lantarki da ke kusa suna saye suna harhaɗa akwatunan rediyo suna sayarwa. A 1949 hukumar sojan mamaya ta ba da umurnin a kwashe tireda daga kan tituna. Masu kayan rediyo suka koma ƙarƙashin gadar jirgi, suka kakkafa 'yan rumfuna waɗanda wata ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ɗaya daga cikin waɗannan jerin rumfuna, mai suna Radio Store, ya buɗe a 1950, bai rufe ba sai a 2013. Maƙwabcinsa, Radio Center, yana nan har gobe. Mai shiga lungunansa sai ya riƙa karkata kafaɗa, ga filogi da makunni da dalmar liƙi an jera su cikin 'yan akwatuna kamar kayan ƙoli, jirgi yana rugugi a bisa rufi.

Daga rediyo kasuwar ta koma kan firji da talabijin, daga nan ta koma kan manyan akwatunan kiɗa, sa'an nan kwamfuta. Amma abin da ya share fagen cinikin da ake magana a kansa ya faru ne ran 1 ga Yuli, 1979, sa'ad da kamfanin Sony ya fito da Walkman, 'yar rikodar kaset ta sawa a aljihu. Tun daga ranar kiɗa ya tashi daga falo ya koma cikin kunne. A birnin da miliyoyin mutane ke cunkushe cikin jirgi safe da yamma, ga gidaje ƙanana masu siraran bangaye, ba abin mamaki ba ne mai son kiɗa ya zuba dukiyarsa a kan abin da shi kaɗai zai ji.

KANTIN DA AKE CINIKI DA KUNNE

Abin jin da ake nufi a nan ba irin iyafis ɗin nan ba ne da ake ba da shi kyauta tare da wayar hannu. Wani iri ne da ake cusawa cikin ramin kunne ya toshe shi ruf, wanda 'yan kasuwa ke taƙaita sunansa da IEM. Asalinsa kayan aikin makaɗa ne a bisa dandamali, don kowa ya ji abin da yake kaɗawa duk da ihun 'yan kallo. A 1995 wani injiniyan sauti Ba'amurke, Jerry Harvey, ya ƙera irinsa wa Alex Van Halen, mai ganga a wata shahararriyar ƙungiyar makaɗa, daga nan sana'ar ta bunƙasa. Cikin kowane ɓangare akan dasa 'yan mitsi-mitsin lasifikoki, irin waɗanda aka fara yi don na'urar taimakon masu raunin ji. Wani yana da ɗaya, wani biyar, akwai ma mai 18 a kunne guda.

Da yake zufa da lanƙwasa su ne ajalin waya, sai maƙera suka yi dabarar a riƙa cire ta ana sauya wata, maimakon a jefar da kayan duka. Tun wajen 2010, lokacin da kamfanin Shure na Amurka ya yayata wani ɗan mahaɗi mai kama da maɓalli da ake kira MMCX, sauya waya ya zama ruwan dare. Ɗaya mahaɗin da ya yi fice shi ne mai 'yan allurai biyu, kaurin kowace milimita 0.78. To, da ƙofa ta buɗe don gyara, sai ciniki ya shigo ta cikinta. Japanawa har suna suka ba al'adar, suna ce mata rikeburu. Wanda abin ya shiga ransa kuwa sukan ce ya faɗa numa, watau taɓo, don kuwa in ƙafa ta nutse, fita sai an sha wuya.

Wanda ke son ganin masu wannan taɓo, sai ya nufi kantin e-earphone, tafiyar 'yan mintoci daga tasha. A birnin Osaka aka kafa kamfanin a 2007, ya buɗe reshen Akihabara a 2011. Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne shirun wurin. Ga mutane birjik, ma'aikatan ofis da kwat, ɗalibai da jakunkuna, baƙi daga ƙasashen waje, amma kowa ya toshe kunne ya sunkuyar da kai. Al'adar kantin ita ce mai saye ya zo da na'urarsa da waƙoƙin da ya saba ji, ya gwada abin da ya ga dama, ba mai korarsa. Wayoyi masu araha suna rataye a fili, masu tsada kuwa suna kwance cikin gilashi kamar kayan lefe, sai an nemi ma'aikaci ya fito da su.

Lalle kuwa abin kallo ne. Akwai mai launin jan garwashi, akwai fara fat mai walƙiya, akwai baƙa wuluk. An tufke su da hannu, silli 4 ko 8 ko 16, kamar yadda gwanar kitso ke sarrafa gashi. Sunayen maƙeransu sanannu ne ga masu wannan sha'awa: Effect Audio da Eletech daga Singafo, PW Audio daga Hong Kong, Brise Audio daga lardin Gunma na Japan ɗin kanta. Kamfanin e-earphone yakan kuma shirya wani baje koli mai suna Potafes a unguwar, inda maƙeran kan zo da kansu, jama'a su yi layi don a ba su mintoci kaɗan na saurare.

Ɗan komawa baya kaɗan, a gindin gadar jirgi, akwai wani kanti dabam mai suna Oyaide, wanda ke sana'ar waya tun 1952. Nan ba a cikin akwatin alfarma ake sayar da waya ba. A nannaɗe take cikin ƙulli-ƙulli, mai saye ya faɗi tsawon da yake so a auna a yanka masa kamar yadi, ya haɗa da filogi da dalma, ya je gida ya tufka abarsa. Tsakanin waɗannan kantuna biyu, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a huta ba, farashin abu ɗaya yakan ninka sau ɗari ko fiye.

ABIN DA AKE FAƊI A KAN ƘARAFA

In aka tambayi masu wannan ciniki, kowane ƙarfe da halinsa. Jan ƙarfe, in ji su, yana ba da sauti mai ɗumi da kauri. Azurfa tana haskaka sauti, tana fito da siraran amo. Zinariya tana sa laushi da zaƙi. Mai lura zai ga wani abu a nan, watau halin da aka ba kowane ƙarfe ya yi daidai da launinsa: ja ɗumi, fari haske.

Akwai kuma zancen tsarkin ƙarfe, wanda tushensa ba shi da nisa da nan. Jirgin nan mai ratsin rawaya, in aka bi shi gabas, yana tsayawa a Tsudanuma, inda Jami'ar Fasaha ta Chiba take. Wani shehun malaminta, Atsumi Ohno, shi ya ƙirƙiro wata hanyar zuba ƙarfe a shekarun 1980. Maimakon a zuba narkakken jan ƙarfe cikin mazubi mai sanyi, sai a ɗumama mazubin, a riƙa jan sandar a hankali tana daskarewa daga ciki, ta fito da ƙwayoyi dogaye marasa gaɓoɓi da yawa. Wannan shi ne OCC da ake gani a jikin akwatunan wayoyi masu tsada. Kamfanin Furukawa ya daɗe yana yin irinsa, har ya ba da sanarwar dainawa a 2013, amma ana ci gaba da yi a Taiwan da wasu wurare.

Aikin Ohno ilmi ne na gaske, ba mai musun haka. Sai dai ma'auni ya nuna jan ƙarfe mafi tsarki bai fi na wayar lantarkin gida iya ɗaukar wuta ba sai da kashi 1 ko 2 cikin 100. Azurfa ta fi jan ƙarfe da kimanin kashi 6 cikin 100. Zinariya kuwa, duk da darajarta, ba ta kai shi ba, wajen kashi 70 cikin 100 na aikinsa take yi. Amfaninta shi ne ba ta tsatsa, shi ya sa ake shafa ta a bakin filogi.

LISSAFIN DA BA YA SON KAI

To, ashe ke nan duk zancen banza ne? A'a, akwai ƙamshin gaskiya, ga kuma inda yake. Kowace waya tana ɗan turje wa wutar da ke bi ta cikinta. Ana auna wannan turjiya da ma'aunin da ake kira om. Waya mai kauri turjiyarta kaɗan ce, siririya kuwa tata ta fi yawa. Shi ma abin jin yana da tasa turjiyar, ƙarfin wutar da ya fito daga na'ura kuwa rabuwa yake yi tsakanin su biyun gwargwadon turjiyar kowanne. In turjiyar abin jin ba ta sauyawa, ko amo mai kauri ne ko siriri, to iyakar abin da waya za ta yi shi ne ta ɗan rage ƙarfin sauti baki ɗaya, a murɗa makunni a mayar da shi.

Amma masu lasifikoki da yawa ba haka suke ba. Misali shi ne Andromeda, mai lasifikoki 5, wanda kamfanin Campfire Audio na Amurka ya fito da shi a 2016. Turjiyarsa tana sauka zuwa wajen om 4 a ɓangaren amo mai kauri, ta haura om 20 a ɓangaren siriri. In aka haɗa shi da siririyar waya mai om 1, amo mai kauri zai ragu da kusan desibel 2, siriri kuwa da ƙasa da rabin desibel. Tazarar desibel 1.5 ke nan, kunne kuwa yana iya kama wannan, ya ji kamar sautin ya ƙara haske. In aka sauya da waya mai kauri mai om 0.2, tazarar za ta koma wajen sulusin desibel. Saboda haka wanda ya rantse ya ji bambanci a irin wannan hali, ba ƙarya ya yi ba.

Abin lura shi ne, kaurin waya ne ya yi wannan aiki, ba darajar ƙarfe ba. In aka ɗauki wayar nan mai om 0.2 aka mai da ita azurfa tsantsa, kauri ɗaya tsawo ɗaya, turjiyarta za ta koma wajen om 0.19. Bambancin da zai isa kunne bai kai kashi 3 cikin 100 na desibel guda ba, alhali yawancin mutane sai bambanci ya doshi desibel 1 suke farga. Daɗin daɗawa, duk abin da azurfa ta ƙara, ana samunsa ta ƙara 'yan silin jan ƙarfe kaɗan. Waya mai irin wannan kauri kuwa masana'antun ƙasar Sin suna yin ta a kan dala 20 ko ƙasa da haka.

Akwai wani sauyin na gaske kuma, wanda ya danganci filogi. A 2016 masana'antun Japan suka amince da wani sabon filogi mai kaurin milimita 4.4, Sony ya sa shi a manyan Walkman ɗinsa na wannan shekara. Ta wannan kafa kunnen dama da na hagu kowanne da hanyarsa, na'urori da yawa kuma sun fi ba da ƙarfi ta nan. Wanda ya sayi sabuwar waya mai irin wannan filogi ya ji sauti ya cika, sau da yawa kafar na'urar ce ta sauya, yabo kuwa ya tafi ga waya.

KUNNE DA ZUCIYA

Saura kuma ɗan Adam kansa. Masana sun tabbatar ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi. Sauya waya kuwa sai an zare abin ji daga kunne, an ɓalle wannan, an maƙala wancan, an mayar, minti guda ya wuce. Wajen mayarwa ma, in robar bakin ba ta zauna daidai yadda take ɗazu ba, amo mai kauri yakan sauya fiye da duk abin da waya za ta iya yi. Har ila yau, in ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi ko da kaɗan ne, kunne yakan ce shi ya fi daɗi. A bisa wannan duka ga ido ya riga ya ga walƙiyar azurfa, ya kuma ga farashi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a Akihabara kuwa maganar ta sami wata ma'ana da masu karin maganar ba su nufa ba.

Hanyar raba gardama sananniya ce: a daidaita ƙarfin sauti, a ɓoye wayoyin, wani ya riƙa sauyawa ba tare da mai saurare ya san wadda aka sa ba, a maimaita sau da yawa. A 2007 James Randi, wani tsohon mai wasan rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya sa ladan dala miliyan 1 ga wanda zai iya bambanta wata wayar lasifika ta dala 7,250 da waya madaidaiciya ta irin wannan hanya. Aka yi ta ja-in-ja a kan sharuɗɗa, har aka watse ba a yi gwajin ba.

Kada mai karatu ya ɗauka masu sayen nan wawaye ne. Da yawansu sun san lissafin sarai, kuma akwai abubuwan da kuɗi ke saye na haƙiƙa. Waya mai kyau tana da laushi, ba ta cukurkuɗewa, ba ta kai ƙarar gogar riga cikin kunne, tana kwanciya bayan kunne ba ta ciwo, liƙinta ba ya saki, zufa ba ta mai da ita kore da wuri. Tufkar hannu aiki ne na sa'o'i, mai yi kuwa ya cancanci ladansa. Wanda ya sayi agogon zinariya ya san ba ya fin na roba faɗin lokaci daidai, araha kuwa ba ta ado. Inda gizo ke saƙa shi ne a sayar wa mutum ado da sunan magani, ya kwashe albashin wata biyu yana jiran sautin da ba zai zo ba.

Tsofaffin hannu a unguwar suna da tsarin da suke bi. Abin jin kansa shi ne gaba, don shi ke haifar da sauti. Sai robar baki, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma in ta dace da ramin kunne takan sauya sauti nesa ba kusa ba. Sai na'urar da ke ba da wuta. Waya ita ce ta ƙarshe, a sauya ta in ta lalace, ko ta cika tauri, ko ana bukatar wani filogi. Ba a kuma yawan cirewa da mayarwa, don mahaɗin MMCX an yi shi ne ya jure wajen sau 500, ramukan allurai biyun nan ma sukan saki.

Akwai kuma kayan da babu kantin da ke sayar da shi a duk faɗin Akihabara, shi ne kunnen. Yaro yana jin amo har mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, amma shekaru suna zaftare siraran amon nan sannu a hankali, ƙara mai yawa kuwa tana gaggauta abin, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Sau da yawa lokacin da aljihu ya isa sayen wayar azurfa, kunnen da za a ji ta da shi ya riga ya soma gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce sa'o'i 40 a mako yana saurare a ƙarfin desibel 80, in ya ƙara ƙarfi kuwa sai ya rage lokaci ƙwarai. Duk wanda Allah ya kai shi wannan unguwa, ya shiga kantunan ya gwada, gwaji kyauta ne, ya kuma ba idonsa abinci. Amma kafin ya zaro kuɗi, ya miƙa wa abokin tafiyarsa wayoyin biyu, ya juya baya ya rufe ido, ya ga ko kunnensa kaɗai zai iya nuna masa mai tsadar.